Ƙanena, ka bar ɗaga ƙwallon nan, sauka mayo ka ja layi

Salam jama'a. Wani ƙanena da ke aiki a Yawunde ya turo min tambaya kan wasan golf, na ce bari in amsa masa a fili tunda nasan ba shi kaɗai ke cikin wannan halin ba. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Yaya barka da warhaka. Wata takwas kenan da patiron ɗina ya ja ni golf, har na sayi sandunan gwanjo. Ƙarfi kam ina da shi, amma in na buga ko dai ƙwallon ta bi ƙasa da gudu kamar ɓera, ko in haƙa rami a bayanta, in kuma da draiba na buga, doguwar sandar bugun nesa, kullum sai ƙwallon ta lanƙwashe ta yi dama. Yanzu na zo hutu Marwa wata biyu, ba inda zan buga, YouTube kuma sai ƙara rikita ni yake. Ya zan gyara suwin ɗina, wato yadda nake kaɗa sanda in buga?"

Toh ƙanena, wa alaikassalam. Na yi dariya da na ga wai ba inda zaka buga, kai da kake Marwa cikin rani, Mayo Kaliyawo ya bushe ƙayau yashi shimfiɗe tun daga nan har inda ido ya ƙare. Wallahi don gyaran ciwon da ke damunka yashin nan ya fi maka ciyawar filin Yawunde da ke gindin dutsen Febe, zan gaya maka dalili. Ni jakar sanduna na fara ɗauka wa mutane ina yaro, kadi kenan, daga baya na koma koyarwa, kuma abin da ka lissafa ɗin nan na gan shi a jikin mutum ya fi ɗari, na kuma gan shi a jikina.

Abu biyun farko da ka faɗa, ƙwallo ta bi ƙasa (masu faransanci suce tof) da haƙa rami a baya (girat), kai kana ganin ciwo biyu ne, alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kan sanda da'ira yake zagawa, kuma da'irar nan tana da inda ta fi yin ƙasa. A wurinka wannan wurin yana BAYAN ƙwallo. In sandar ta taɓa ƙasa a can ka haƙa rami, in kuma jikinka ya ji tsoron ramin ka ɗan janye hannu, sandar ta wuce ba ta taɓa ƙasa ba, sai ta iso ƙwallon tana kan hanyar tashi ta daki ƙeyarta, shikenan ta bi ƙasa. Me ya sa yake baya? Saboda zuciyarka tana gaya maka sai ka shiga ƙarƙashin ƙwallon ka kwaso ta sama kamar mai kwasar tuwo da mara, sai ka jingina kan ƙafar dama ka karya wuyan hannu. Duk sabon shiga haka yake yi, ba laifinka bane, ido ne ke yaudara.

Ɗauko fer 7 ɗinka, sandar ƙarfe mai lamba 7, ka duba fuskarta. Ka ga a kwance take, wajen digiri 30 zuwa 34 ya danganta da kamfanin da ya ƙera. Wannan kwanciyar ita ke ɗaga ƙwallo, an riga an biya maƙeri ya yi maka wannan aikin. Naka kawai ka kawo fuskar ta daki ƙwallon tana kan gangarowa, ƙwallo tukuna sannan ƙasa. In ka kalli ƙwararru a talabijin zaka ga fatar ciyawa na tashi, to ciyawar nan daga GABAN inda ƙwallon take ta fito, inda sandarsu ta fi yin ƙasa yana kai kamar santimita 10 gaba da ƙwallo. Ni na yi shekara biyu cur ina kwasa ban sani ba, har wani dattijo da nake ɗaukar wa jaka ya gaji da kallona, ya kai ni ramin yashi ya ja layi da bakin sanda yace bugi gaban wannan. Na yi ashirin, sha bakwai a baya suka faɗa. Kunya ta kama ni sosai don a lokacin har ina koya wa ƙananan kadi.

To aikinka na sati biyun farko kenan, kuma dan Allah kar ka raina shi. Ka sauka mayo bayan asuba, ka nemi inda yashi ya ɗan daskare, ba mai laushin da ƙafa ke nutsewa ba, ka ja layi miƙaƙƙe da ya ratsa tsakanin ƙafafunka, a tsakiya ko ya ɗan matsa hagu kaɗan. Ba ƙwallo. Ka yi rabin suwin, hannu ya kai tsayin ƙirji a baya ya kai tsayin ƙirji a gaba, burinka sandar ta fara taɓa yashi a kan layi ko gabansa, ɓangaren da ka nufa. Ka buga, ka duba, ka matsa gaba taku ɗaya ka sake. In ka yi goma sai ka tsaya ka karanta abin da ka rubuta a ƙasa, don yashi ba ya ƙarya kuma ba ya jin kunyar kowa. Kafet ɗin roba da kuke bugawa a kai a wurin atisaye shi ne babban munafuki, ka daki bayan ƙwallo da yatsa uku sandar ta zame ta je ta same ta, ƙwallon ta tashi kai kana murna, ranar da ka shiga fili kuma asiri ya tonu. Sai ka iya takwas cikin goma a gaban layi sannan ka ɗora ƙwallo a kan layin, kuma ko ka ɗora idonka da hankalinka na kan yashin da ke gabanta. Seve Ballesteros ɗan Sifen a bakin teku ya koyi wasa yana yaro, da fer 3 guda ɗaya tal a kan yashin garinsu Pedreña, ya zo ya ci manyan kofuna biyar. Lee Trevino kuma a busasshiyar ƙasa mai tauri ta Texas ya koya yana kadi, ya ci shida, kuma har yau in ana lissafin waɗanda suka fi iya dukan ƙwallo tsaf sai an sa shi. Saboda haka rashin ciyawa ba uzuri bane.

Yanzu ta yaya zaka matsar da wurin nan gaba? Nauyin jiki. Ina ɗauka da dama kake bugawa, in bahago ne kai sai ka juya duk abin da zan faɗa. Tun a tsayuwa ka ɗan fi ba ƙafar hagu nauyi, kaɗan dai, hannayenka kuma su kasance daidai cinyar hagu ta ciki, sandar ta ɗan jingina gaba. In zaka ja baya JUYAWA zaka yi, ba zamewa ba. Da yawa sai su kwashe jiki gaba ɗaya su tafi dama kamar jirgin kwale-kwale, wai suna tara ƙarfi, to wanda ya tafi sai ya dawo, kuma cikin rubu'in sakan ɗin da saukowa ke ɗauka ba zaka dawo daidai ba. Gwaji mai sauƙi, da safe ka ba rana baya inuwarka ta faɗi gabanka, ka ajiye dutse a kan inuwar kanka, ka juya har bayanka ya kalli inda ka nufa, inuwar kar ta bar dutsen da nisa. Kafaɗa tana juyawa kamar digiri 90, ƙugu kamar rabin haka, in jikinka bai kai ba kar ka tilasta, ɗaga dunduniyar hagu kaɗan ba haramun bane.

Saukowa kuma daga ƙasa take farawa. Ka taɓa tsayawa kallon dambe da kyau? Ɗan damben kirki ba da hannu yake kai naushi ba, ƙafa yake dasawa, ƙugu ya murɗa, ƙirji ya biyo, hannun da aka naɗe shi ne ƙarshen zuwa. Haka suwin yake sak. Kafin ma sandar ta gama kaiwa sama ka fara taka ƙafar hagu, ƙugu ya buɗe, ƙirji, hannaye, kan sanda a ƙarshe kamar bakin bulala. Kai da kace kana da ƙarfi nasan abin da kake yi ko ban gani ba, daga sama kake fizgo ta da kafaɗar dama kamar mai faskare. Ƙarfin nan naka a yanzu shi ne abokin gabarka. Akwai atisayen da nake so, ka haɗe ƙafafu, ka ja sanda baya, tana kan tafiya sai ka taka ƙafar hagu gefe kamar zaka jefi mangwaro da dutse, sannan ka sauko. Ka yi shi a kan layin nan, zaka sha mamakin yadda yashin zai koma tashi a gaba ba tare da ka yi wani tunani ba. In ka gama kowane bugu ka tsaya cak ka ƙirga uku, cibiyarka na kallon inda ka nufa, kusan duk nauyi a ƙafar hagu, dunduniyar dama a sama. In baka iya tsayawa ba, kana tangaɗi, to ka wuce ƙarfin da kake iya sarrafawa, rage.

Nasan a fili an cika maka kunne da "ka ɗaga kai, sunkuyar da kai". Rabu da su. Ba ɗaga kai ke sa tof ba, kuma wanda ya danne haɓa a ƙirji ya hana kansa juyawa, ƙarshenta wuya da baya su yi ciwo. Annika Sorenstam tana sakin kanta ya bi ƙwallo tun kafin ma ta gama bugu, kuma ita ce ta gama zagaye ɗaya na ramuka 18 da bugu 59 kacal a 2001 (a golf ƙarancin bugu shi ne gwaninta).

Sai draiba da ke tafiya dama, silayis kenan. Nan ka fahimci abu ɗaya, ƙwallo ba ta san sunanka ba, ba ta san ƙarfinka ba, haɗuwarta da sanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, abin da ta sani kawai ina fuskar sanda ke kallo da kuma ta ina kan sandar ya bi. Na'urorin auna bugu sun nuna fuskar ce ke da kashi 75 zuwa 85 na inda ƙwallo zata fara nufa, lanƙwasa kuma tana zuwa ne daga saɓanin fuska da hanya. Naka fuska a buɗe take tana kallon dama, hanyar kuma ta yanko daga waje zuwa ciki ta yi hagu, sai ƙwallon ta ɗauki juyi ta tafi gonar mutane. Abin haushin, da ka ga tana dama sai ka ƙara karkata hagu don ka rama, yankan ya ƙaru, lanƙwasar ta ƙaru.

Fara da riƙo, don mafi yawan masu silayis a nan matsalar take. Mariƙin sanda a YATSUN hannun hagu yake kwanciya, daga gindin ƙaramin yatsa ya ratsa zuwa tsakiyar manuniya, ba a tsakiyar tafi kamar ka riƙe ƙotar fartanya ba. In ka duba ƙasa ka ga ƙullin yatsu biyu zuwa uku a bayan hannun hagu, tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta nuna kafaɗar dama, hannun dama ma haka. Ko ka saƙala ƙaramin yatsan dama cikin manuniyar hagu irin na Tiger Woods da Jack Nicklaus, ko ka ɗora shi a kai, wannan duk ɗaya, zaɓi wanda ya yi maka daɗi. Matsewa kuma kamar linzamin doki mai hankali, ba zai kuɓuce ba amma baka shaƙe shi ba, in jijiyoyin damtsenka sun fito to ka wuce. Sabon riƙo zai yi maka baƙo ƙwarai, kwana goma zaka ji kamar hannun wani aka ara maka, har ka fara bugawa hagu. In ka ga ta fara lanƙwasa hagu ka yi hamdala, fuska ta rufu, saura hanya. Don hanyar, ka ajiye kwalin da ba komai ciki ko gorar ruwa ta roba a wajen ƙwallo, ɗan baya kaɗan, tazarar yatsa huɗu. Mai yankowa daga waje sai ya daki kwalin. Jikinka da kansa zai nemi hanyar ciki don kar ya ji kunya.

Ka lura draiba ita kaɗai ce ta saɓa wa dokar layi. Ƙwallon tana kan ti, ɗan tsinken da ake ɗora ta a kai, daidai dunduniyar hagu ta ciki, ƙafafu sun ɗan fi faɗi, kafaɗar dama ta ɗan yi ƙasa, ana share ta ne sandar na daidai ko tana ɗan tashi. Amma gaskiya in da zaka ji tawa, ka bar ta cikin jaka wata guda. Ita ce mafi tsawo, fuskarta digiri 9 zuwa 12 ne kawai, duk ƙaramin kuskure sai ta faɗaɗa shi ta yi maka tallansa. Wanda bai iya fer 7 ba draiba ba zata rufa masa asiri ba. Ka kuma duba abin da aka rubuta a jikin sandar, kayan gwanjo sau da yawa na wani ƙato ne mai saurin bugu, in ka ga X ko S mai yiwuwa ta yi maka tauri, R ce ta yawancin masu koyo. Ka shafa ɗan alli ko hoda a fuskar ka buga ka ga inda ƙwallon ta bar tabo, in kusa da wuyan sanda take bugawa wannan kaɗai ma yana ƙara tura ta dama.

Batun sauri. An auna manyan 'yan wasa an ga ja baya yana ɗaukar kamar ninki uku na lokacin saukowa, duka-duka abin wajen sakan ɗaya ne. Ka ƙirga a zuci, ɗaya biyu uku sama, huɗu bugu. Ka kalli matan da suka iya daka, ba wadda ke cije baki tana dannawa, taɓarya ake ɗagawa a bar nauyinta ya yi aiki, kiɗan kuma ba ya canzawa ko za a kai azahar. Ƙwararre yana kai fer 7 wajen mita 155 zuwa 160 a iska, kai in kana samun 120 tsaf kullum a wuri ɗaya wallahi zaka ci kuɗin mutane da yawa a Yawunde, ba wai ina ce ka yi caca ba fa.

YouTube kuma, ba cewa nake ƙarya suke ba, da yawansu malamai ne na gaske, amma likita goma ne kowa na rubuta magani bai ga mara lafiya ba. Wannan yace ka miƙe hannu, wancan yace ka karya, kai kuma ka haɗiye duka. Kuma ka daina neman suwin mai kyan gani. Jim Furyk in ya ɗaga sanda kamar mai korar ƙudan zuma, amma ya gama zagaye da bugu 58 a 2016. Jon Rahm ja bayansa gajere ne saboda da matsalar ƙafar dama aka haife shi, bai hana shi cin manyan kofunan US Open a 2021 da Masters a 2023 ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne lokacin haɗuwa da ƙwallo, nauyi a gaba, hannu a gaba, fuska ta san inda take kallo. Wayarka ta fi maka amfani in ka juya ta kanka, ka ba wani yaro ya riƙe daidai tsayin hannayenka, ɗauka ɗaya yana fuskantarka, ɗaya daga bayanka yana kallon inda ka nufa, a sa a hankali. Abin da kake ji kana yi da abin da kake yi a zahiri zaka ga ko a hanya basu taɓa haɗuwa ba. Kuma gyara ɗaya a lokaci ɗaya, Nick Faldo da yake ƙwararre sai da ya kwashe wajen shekara biyu yana sake gina nasa kafin ya ci babban kofin Open na Birtaniya a 1987, kai wata biyu gareka, layi da riƙo sun ishe ka.

Ƙananan abubuwa na yankinmu da ba zaka ji a bidiyon turawa ba. Kar ka je kana dukan jar ƙasa mai tauri ko fako da cikakken ƙarfi, wuyan hannu da gwiwar hannu zasu gaya maka, sandar ma zata lalace. Yashi yana cin fuskar sanda a hankali kamar sanfefa, saboda haka in kana da wata tsohuwar fer ita zaka sa a wannan aikin, ka riƙa goge ta. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da robar mariƙi ta koma santsi, kar ka bar jaka a but ɗin mota, ka wanke mariƙan da sabulu da ruwa, don mariƙi mai santsi shi ke sa mutum matsewa ba da saninsa ba. Minti talatin zuwa arba'in bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ya wadatar, ƙwallo talatin da hankali sun fi ɗari biyu na haushi, ka tafi da ruwan sha. Sannan babban abu, mayo ba naka bane kai kaɗai, akwai yara masu ƙwallon ƙafa, akwai masu ɗiban yashi da mata masu tonon ruwa, ga shanu. Ƙwallon golf giram 45 ce da ɗoriya amma tauri gareta kamar dutse, daga draiba tana fita da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, tana iya kashe mutum. Ka yi nesa da gari, ka tabbata gabanka fayau, ko ka rataya tsohon bargo ko gidan sauro ninki biyu a tsakar gida ka riƙa bugawa ciki da rabin ƙarfi. Yara zasu taru kallo dole, ka tsayar da su bayanka can nesa, wanda ya tsinto maka ƙwallaye ka sallame shi da ɗan canji.

Bayan sati biyu ka ɗauki hoton layin da bugu goma a jere, kar ka share munanan, ka haɗo da bidiyon nan guda biyu ka turo min in gani kafin mu taɓa maganar draiba. In zaka wuce ta Garwa wajen komawa kuma ka tsaya mu fita bakin Binuwai da fer 7 ɗin, ka taho min da takalmin fata na artizana lamba 43. Ka gaida su Inna.